Gidan Mai Na Da: Yadda Amurkawa Suka Sallami Mai Zuba Mai, Yau Suna Kewarsa

Filin tarihi na wannan mako ya tsallaka teku, amma a kan abin da kowa ya sani ne, wato gidan mai. In ka gaya wa direban Maraɗi ko na Katsina cewa akwai ƙasar da mutum zai shiga gidan mai, ya sauko daga mota, ya ɗauki tiyo da hannunsa ya zuba, ya sa kati a jikin famfo ya biya, ya kama gabansa bai yi magana da ɗan Adam ko ɗaya ba, zai ce maka ko masu gidan sun gudu ne. To haka Amurka take yau. Cikin jihohinta 50, guda ɗaya tak ta rage inda doka ta hana mai mota zuba wa kansa mai. Dattawansu kuwa, waɗanda suka yi tuƙi a shekarun 1950 da 1960, in hira ta yi hira sai ka ji sun koma kan gidan mai na da, kamar yadda tsofaffin fatake ke komawa kan zancen zango.

Ga yadda abin yake a wancan zamani. A bakin shiga akan shimfiɗa wata siririyar tiyo ta roba a ƙasa. Da taya ta taka ta sai ƙararrawa ta buga a ciki. Kafin ka kashe inji ga mutum ya fito, wani lokaci su biyu ko uku, da rigar kamfani da hula, sunansa a ɗinke a ƙirji, tsumma na leƙe daga aljihun baya. Kai dai gilashi za ka sauke ka ce a cika. Ɗaya na zuba mai, ɗaya ya ɗaga bonet, ya zaro sandar awon baƙin mai, ya goge, ya sake tsomawa, ya kawo maka har taga ka gani da idonka. Ya duba ruwan lagireto da na batir, ya taɓa fambel ya ji ko ta saki. A wanke maka gilashin gaba da na baya, a zagaya tayoyi huɗu da abin awon iska. In ka ɓata hanya a kwatanta maka, a haɗa maka da taswira kyauta. Duk wannan ba ka ƙara ko sisi a kan kuɗin mai ba, ba ka kuma sa ƙafa a ƙasa ba.

Amma fa ba haka aka faro ba. Lokacin da aka haƙa rijiyar mai ta farko a Titusville ta jihar Pennsylvania a 1859, kananzir ake nema don fitila. Fetur ɗin da ke fitowa wajen tacewa ɗaukarsa aka yi abin banza mai haɗari, saboda saurin kama wuta, har wasu matatu kan zubar da shi. Da mota ta zo sai ya yi daraja, amma babu wurin sayar da shi. A 1888 wata Bajamushiya mai suna Bertha Benz, matar wanda ya ƙera ɗaya daga cikin motocin farko a duniya, ta ɗauki ƴaƴanta maza biyu ta yi tafiyar wajen kilomita 100 daga Mannheim zuwa Pforzheim. Da mai ya ƙare mata a garin Wiesloch, kantin magani ta shiga ta saya, don a nan ake sayar da irinsa a kwalba domin cire dauɗar tufafi. Har gobe Jamusawa na kiran wannan kanti gidan mai na farko a duniya. A Amurka ma a kantin kayan masarufi ko wurin maƙeri ake saye: a ɗebo daga duro a bokiti, a sa mazurari, a tace da ƙyalle ko fata a zuba. Duk wanda ya taɓa tsayawa da babur a bakin hanyar Ƙonni ko Jibiya aka ɗura masa mai da mazurari, to ya ga yadda Amurka take shekara ɗari da ashirin da suka wuce.

Famfo ya fito ne daga hannun wani mutumin jihar Indiana, Sylvanus Bowser, wanda ya sayar da na farko a 1885, shi ma don kananzir. Daga baya aka mayar da shi na fetur aka fito da shi bakin titi. Sai kuma Henry Ford ya fitar da motarsa mai araha, Model T, a 1908, kafin a daina ƙera ta a 1927 an sayar da fiye da miliyan 15. Bokiti da mazurari ba za su iya da wannan ba. An gina wurin da aka keɓe don sayar da mai kaɗai a birnin St. Louis a 1905, amma wanda ake ɗauka kakan gidajen mai na hidima shi ne wanda kamfanin Gulf ya buɗe a Pittsburgh ranar 1 ga Disamba 1913. Mota na shiga har ƙarƙashin rumfa, ga ma'aikata, ga iska da ruwa kyauta, ana sa taya. Ranar farko galan 30 kacal suka sayar, a kan santi 27 kowane galan. Galan ɗin Amurka bai cika lita huɗu ba, ka ga ke nan cinikin yini guda bai wuce jarka biyar ba, abin da yaro ɗaya ke ɗaure wa babur a sawu ɗaya yanzu.

Akwai wani famfo na wancan lokaci da ya kamata ƴan kasuwa su ji labarinsa. Mutane ba su yarda da abin da ba su gani ba. Mai na ƙarƙashin ƙasa, ya bi tiyo ya shige tanki, to wa ya tabbatar maka galan biyar aka zuba ba huɗu da rabi ba? Wa ya ce ba a haɗa da ruwa ko kananzir ba? Sai aka ƙera famfo mai doguwar kwalba a kansa, mai cin galan biyar ko goma, da zane-zanen awo a jiki. Ma'aikaci ya yi ta buga hannun famfo har mai ya hau ya cika kwalbar, mai mota ya ga launinsa, ya ga inda ya tsaya, sannan a saki ya gangaro cikin tanki yana kallo. Wannan ai ita ce ƙa'idar tiya da mudu a kasuwar hatsi: a auna a gabanka. Da famfon lantarki mai lissafi ya shigo a shekarun 1930 aka daina ganin man, sai lambobi masu juyawa, kuma daga nan amana ta koma kan mutumin da ke riƙe da tiyo da tambarin kamfanin da ke bisa kansa.

To me ya kawo wannan ladabi duka? Kada a ɗauka kamfanonin mai sun fi kowa kirki ne. Gasa ce ta koya masu. A 1911 kotun ƙolin Amurka ta farfasa kamfanin Standard Oil na attajiri Rockefeller gida 34, kuma daga cikin ɓarɓashinsa ne aka samu Esso da Mobil da Chevron. Ga kuma Texaco da Gulf da Shell. A 1930 aka gano wani makeken filin mai a gabashin Texas, mai ya yi yawa har ganga ta faɗi zuwa santi goma. A mararraba ɗaya sai ka ga gidajen mai huɗu, kowace kusurwa da nata, farashi kusan ɗaya, man ma kusan ɗaya. In hajarku iri ɗaya ce da ta maƙwabcinka, kuɗinku ɗaya, me zai sa mai saye ya tsallake shi ya zo wurinka in ba fuska da hidima ba? Shi ya sa har kan ban-ɗaki aka yi gasa. A ƙarshen shekarun 1930 Texaco ya riƙa yi wa ban-ɗakunan gidajen mansa rajista, yana aika masu dubawa cikin fararen motoci su bi hanya suna leƙawa. Kamfanin Phillips kuwa ma'aikatan jinya mata ya ɗauka su yi wannan aiki. Sun gane cewa in iyali na tafiya, sau da yawa uwargida ce ke cewa a tsaya nan ko a wuce. Taswirar hanya da Gulf ya fara rabawa tun 1914 ta zama al'ada, an raba biliyoyinsu kafin a daina. A shekarun 1950 da 1960 har kofuna da farantai ake ba wanda ya cika tanki.

Dalili na biyu, ribar gidan mai ba a fetur take ba sosai. Tana cikin taya da batir da baƙin mai da ramin gyaran da ke gefe. Yaron da ya ɗaga maka bonet kyauta yana yi maka alheri, yana kuma neman ciniki: in ya ga fambel ta tsage ko taya ta suɗe, ga sabuwa nan a rataye. Motocin wancan zamani kuwa suna bukatar wannan ido. Suna shan baƙin mai, suna tafasa a kan tudu, ana yi masu giris duk bayan tafiyar kilomita 1,600 ko kusa da haka, tayoyinsu masu tif ne, ƙusa kaɗan ta sace iska. Mota ce irin wadda sai da makiyayi, in ba a duba ta kullum ba za ta kwanta maka a daji.

Wannan ne ya sa gidan mai ya zama wani abu fiye da wurin ciniki, musamman a ƙananan garuruwa. Galibi mai gidan ɗan garin ne, ya karɓi wurin haya daga kamfani, shi ne bakanike, shi ne mai ba da labarin hanya, ya san motar kowa da lalurarta. Manomi kan sha mai bashi a rubuta a littafi sai kaka. Samari da yawa a nan suka fara aiki, suka koyi riƙe sifana da ba da canji da yi wa babba magana. Wanda ya san aikin fatoma a zangon fatake, mai sauke baƙo, ya nuna masa rijiya, ya gaya masa inda ƴan fashi suke da farashin kanwa a kasuwa ta gaba, ya san irin gurbin da ake magana. Wasu ma abinci suka haɗa da shi. Harland Sanders, dattijon nan mai farin gemu da ke jikin tambarin KFC, a gidan mai ya fara, a garin Corbin na jihar Kentucky a 1930, yana zuba wa matafiya mai yana kuma soya masu kaza a ɗakin baya.

Sai dai masu kewa sukan tsallake wasu shafuka. Ba kowa ake rugowa a wanke wa gilashi ba. A jihohin kudu, da ma wurare da yawa a arewa, Baƙar fata zai iya tsayawa a karɓi kuɗinsa na mai amma a hana matarsa da ƴaƴansa shiga ban-ɗaki, ko a ƙi sayar masa baki ɗaya. Iyalai kan yi tafiya da jarkar mai da abinci da bokiti a bayan mota saboda haka. Wani ma'aikacin gidan waya a Harlem ta New York, Victor Hugo Green, ya fara buga wani ɗan littafi a 1936, wanda aka fi sani da Green Book, yana jera gidajen mai da masaukai da wuraren cin abinci inda Baƙi za su tsaya ba wulaƙanci. An yi shekara talatin ana buga shi, sai bayan dokar ƴancin jama'a ta 1964 bukatarsa ta ragu. Esso na cikin ƴan kamfanonin da suka ba Baƙar fata gidajen mai su riƙe, kuma ana samun littafin a wurarensu. Ban da wannan, man da ma'aikatan nan ke shaƙa yini guda akwai sinadarin dalma a ciki, wanda aka fara sawa a 1923, guba ce mai taɓa ƙwaƙwalwa, ba a hana shi sarai a motocin Amurka ba sai 1996. Ha'inci ma akwai. Sananniyar dabara ce yaro ya ƙi tsoma sandar awo har ƙasa, ya nuna maka baƙin mai ya yi ƙasa, ya sayar maka da gwangwanin da ba ka bukata. Mutum dai mutum ne ko a ina.

Ɓaraka ta fara ne a 1947 a Los Angeles. Wani ɗan kasuwa mai zaman kansa, Frank Urich, ya jera famfuna ya ce kowa ya zuba da kansa, shi kuma ya rage santi biyar a galan. Ƴan mata ne a kan takalma masu taya ke zagayawa suna karɓar kuɗi. Mutane suka yi masa caa. Sauran masu gidajen mai suka ga abin da ke tafe, suka ruga majalisun jihohi da hujjar gobara: wai in aka bar kowa ya riƙe tiyo, wani zai zo da taba a baki ya tashi unguwa. A jihar New Jersey wani mai suna Irving Reingold ya buɗe irin wannan wuri a 1949 yana karya farashi, abokan sana'a suka taso masa, a shekarar aka yi dokar hana mai mota taɓa famfo. Oregon ta bi sahu a 1951. Akwai lokacin da jihohi fiye da ashirin ke da irin wannan doka. Maganar gobara ba ƙarya ba ce ɗungurungum, amma kowa ya san abin da ake karewa shi ne ciniki.

Na'ura ce ta fara kwance dokokin. A 1964 wani mai kanti a jihar Colorado, John Roscoe, ya sa wata na'ura da ke ba mutum ɗaya damar buɗe famfuna da rufe su yana zaune a cikin kanti bayan teburin kuɗi. Aikin mutum huɗu ya koma na ɗaya, shi ɗin ma yana sayar da burodi da lemo a lokaci guda. Ga kuma manyan hanyoyi da gwamnati ta fara shimfiɗawa bayan dokar 1956, waɗanda suka kewaye ƙananan garuruwa. Tsohuwar hanyar nan mai lamba 66, daga Chicago zuwa Los Angeles, kusan kilomita 4,000, wadda ɗaruruwan gidajen mai ke ci a bakinta, ta bushe kamar kasuwar da aka sauya wa rana, har aka soke sunanta daga jerin hanyoyin tarayya a 1985. Mutanen garuruwanmu da kwalta ta kauce wa sun san wannan ciwo.

Amma bugun da ya kai shi ƙasa a 1973 ya zo. Makiyaya ba sa bukatar a tuna masu wannan shekara: ita ce ta babban fari, da shanu suka yi ta faɗuwa daga Tawa har Agadas, aka yi ta gangarowa kudu da abin da ya saura. A watan Oktoba na wannan shekarar, saboda Amurka ta mara wa Isra'ila baya a yaƙinta da Masar da Siriya, ƙasashen Larabawa suka hana ta mai. Cikin ƴan watanni ganga ta tashi daga wajen dala uku zuwa kusan goma sha biyu. Amurkawa suka ga abin da ba su taɓa gani ba, layi a gidan mai tun asuba. Aka roƙi gidajen mai su rufe ran Lahadi, wasu jihohi suka raba kwanaki bisa lambar mota, mai mara yau, mai cika gobe. To wa zai tsaya wanke gilashi alhali mota hamsin na baya suna oda? Wa kuma zai ba ka kofi kyauta don ka saya, bayan kai ne ke roƙo? Gasar da ta haifi ladabi ta mutu cikin wata shida. Da juyin juya halin Iran ya sake tada farashi a 1979, galan ya haura dala ɗaya, kowane santi ya zama abin lissafi, mutane da kansu suka zaɓi layin arha. Jihohi suka yi ta soke dokokinsu, kafin ƙarshen shekarun 1980 mafi yawan man Amurka mai mota ne ke zuba wa kansa.

Motar ita ma ta canja. Ta daina shan baƙin mai kamar da, giris ya ragu, taya ta daina amfani da tif, inji ya cika da kwamfuta har bakaniken unguwa ba ya iya taɓa shi. Aka toshe ramin gyara aka mayar da wurin kanti. Ƙa'idojin gwamnati kan tankunan ƙarƙashin ƙasa masu yoyo, waɗanda wa'adinsu ya cika a ƙarshen 1998, suka ƙarasa ƙananan masu gidajen da ba su da kuɗin haƙa sababbi. A farkon shekarun 1970 gidajen mai sun haura 200,000 a ƙasar. Yau sun ragu ƙwarai duk da motoci sun ninka, kuma yawancinsu kantuna ne masu famfo a ƙofa, ribarsu na cikin lemo da taba da kofi. Wasu tsofaffin gidajen da ke bakin hanya ta 66, irin na garin Odell a jihar Illinois, an yi masu fenti an mayar da su wurin yawon buɗe ido, mutane na zuwa ɗaukar hoto da famfon da ba ya zuba komai. Masu tara kayan tarihi na biyan dubban daloli a kan tsohon allon Texaco ko Gulf. A ganina nan ne kewar ta ɗan yi rauni: waɗanda ke sayen allon su ne dai suka juya kan mota zuwa layin arha saboda santi biyar.

Ba kowa ya saki ba. Oregon ta riƙe dokarta shekara 72, sai a 2023 ta sassauta, ta ce gidan mai na iya barin rabin famfunansa ga masu son zuba da kansu, farashi kuma ɗaya. New Jersey ce ta rage, har yau in ka ɗauki tiyo a can ana iya cin gidan man tara, kuma ƴan jihar na alfahari da abin. Japan ba ta yarda da zuba-da-kanka ba sai 1998. Brazil kuwa a shekarar 2000 ta yi dokar hana shi a faɗin ƙasa, ba ta kuma ɓoye dalili ba: don kada dubban masu zuba mai su rasa abinci. Wanda ya fi jin jiki inda aka sallame su shi ne tsoho da gurgu da mace mai goyo cikin sanyi ko ruwan sama, sai kuma yaron da da zai fara neman na kansa a nan.

Mu nan labarin ya taɓa mu ta hanyar kamfanonin nan su da kansu. Kakan Mobil ya fara ciniki a Najeriya tun 1907, shi ma da kananzir. Total ta buɗe gidan manta na farko a Yaba ta Legas a 1956. Dattawan direbobin Kano da Zinder da Sakkwato sun sha mai a ƙarƙashin jan doki mai fiffike na Mobil da tauraron Texaco da kare mai ƙafa shida na Agip, kuma da tsarinsu na can suka zo: ma'aikaci da rigar kamfani, famfon iska, ramin wanki da giris. Kuɗin man da ya kashe hidima a Amurka a 1973 shi ne ya cika baitulmalin Najeriya, aka yi rabon Udoji, aka buɗe kamfanin haɗa Peugeot a Kaduna a 1975, motoci da babura suka cika hanya. A shekarun ne kuma sunayen suka fara sauka daga alluna. Esso ya koma Unipetrol a 1976, wanda daga baya ya zama Oando. BP ya koma AP a 1979 bayan gwamnati ta ƙwace shi. Gidajen Shell suka zama National, na Texaco suka ƙare a hannun MRS. A Nijar aka kafa SONIDEP a 1977 don shigo da mai da adana shi, matatar SORAZ ta kusa da Zinder mai tace ganga 20,000 a rana ba ta zo ba sai 2011.

Mai zuba mai bai ɓace a wurinmu ba, don albashinsa bai kai kuɗin na'ura ba, ciniki kuma har yanzu yawanci na kuɗi hannu ne. Abin da ya ɓace shi ne sauran hidimar. Ta watse ta koma bakin titi: mai faci da injinsa a ƙarƙashin bishiya, mai baƙin mai da galan-galan a kan tebur, bakanike a gareji, yara masu soso a mararraba. Kuma abin da ya kashe ta shi ne dai wanda ya kashe ta Amurka, wato layi. Duk wanda ya kwana a layin mai a shekarun 1990 ya san ba a tambayar a duba maka taya, addu'a kake kada a ce ya ƙare kafin a zo kanka.

A bakin iyaka kuwa gidan mai ya zama wani abu daban. Tallafin da Najeriya ta riƙa sa wa fetur a da ya sa lita ta fi arha nesa ba kusa ba a kan ta maƙwabta, sai gidajen mai suka yi ta tsirowa a Illela da Jibiya da Maigatari da Kamba fiye da abin da motocin garuruwan za su sha. Man ya bi jarka ya tsallaka, ya zama ruwa-ruwa a Nijar, zuwa-zuwa a Kamaru, kpayo a Benin. A watan Nuwamba 2019, iyaka na rufe, hukumar kwastan ta Najeriya ta hana kai mai duk gidan da ke cikin kilomita 20 daga iyaka. Mai injin ban-ruwa da mai injin niƙa da makiyayin da ke bin garke da babur, waɗanda ba su taɓa tsallakar da ko kwalba ba, suka koma sayen na bumburutu da tsada a garinsu. Ranar 29 ga Mayu 2023 sabon shugaban Najeriya Bola Tinubu ya ce tallafi ya ƙare, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa wajen 500 cikin kwanaki, ta kuma ci gaba da hawa. Ribar jarka ta zube. Masu babura da motocin Nijar da suka saba da ruwa-ruwa suka koma gidan mai, gwamnati ta rage lita daga sefa 540 zuwa 499 a 2024, bukata ta fi ƙarfin abin da SORAZ ke fitarwa, sai ga dogayen layuka a Yamai da sauran garuruwa a watan Maris 2025.

Saboda haka direban da zai ɗauki shanu daga kasuwar Maigatari ko albasa daga Galmi yau, kafin ya tada mota shi da yaronsa ne za su zaro sandar baƙin mai, su leƙa lagireto, su bubbuga tayoyi da ƙarfe su ji sautinsu. In ya tsaya shan mai, idonsa na kan lambobin famfo tun kafin a ɗaga tiyo, ya tabbatar an mayar da su sifiri. Da yawa ma sun fi son a zuba masu a jarka mai awo tukuna, su ga inda man ya tsaya, sannan a juye a tanki.